Asalin Yahudanci da yadda mabiyansa suka rarrabu

Tambaya: Malam, ina neman bayani kan asalin addinin Yahudanci. Shin mabiyansa kansu a haɗe yake, ko su ma sun rarrabu?

Amsa: Yahudawa suna danganta kansu da Annabi Ibrahim ta tsatson ɗansa Ishaƙu da jikansa Yaƙubu, wanda ake kira Isra'ila. Ginshiƙin addininsu shi ne kaɗaita Allah da riƙo da Attaura, wadda suka yi imani an bai wa Annabi Musa a Dutsen Sina'i.

A ganina, ba za a fahimci Yahudancin yau ba sai an san abin da ya auku a shekara ta 70 Miladiyya, sa'ad da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu na birnin Ƙudus. Da aka rasa wurin miƙa hadaya, sai ragamar addini ta koma hannun malamansu, addu'a da karatu suka maye gurbin yanka. Waɗannan malamai ne suka tattara dokokin da ake gada baki da baki a littafin Mishna wajen shekara ta 200, sharhinsa kuma ya zama Talmud. Tushen saɓanin da ya rarraba Yahudawa har gobe shi ne matsayin waɗannan dokoki.

'Yan Otodoks, wato masu riƙo da tafarkin magabata, suna ganin dokokin wajibi ne. A ranar hutunsu, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar, ba sa tuƙa mota, ba sa kunna wuta ko fitilar lantarki, kuma a madafarsu tukunyar nama daban take da ta madara, domin ba a haɗa su a abinci. Masu ra'ayin gyara sun ɓullo a Jamus a ƙarni na 19, inda suka ce dokokin ibada suna iya sauyawa da zamani; maza da mata suna zama tare a majami'unsu, kuma a 1972 suka naɗa mace malamar addini a Amurka. Akwai kuma masu tsaka-tsaki, waɗanda suka fi ƙarfi a Amurka. Tun kafin waɗannan duka, wasu Yahudawa da ake kira Ƙara'iyawa sun ƙi Talmud ɗungurungum.

Amma kada a haɗa wannan da rabuwar Yahudawan Ashkenazi na Jamus da gabashin Turai, da Sefardi da aka koro daga Sifaniya a 1492, da Yahudawan Habasha. Wannan galibi bambancin asali ne da al'ada, ba na aƙida ba.