Ta yaya zan gane kiran Allah ne, kuma ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce zuciyarka na jan ka zuwa zama Fada mai aikin mishan a cocin Katolika, amma kana tsoron ko zumuɗi ne kawai. Zumuɗi ba ya jure watanni. Ka ba kanka lokaci, ka riƙe addu'a da zuwa Mas, ka samu Fada ɗaya da za ka riƙa buɗe masa cikinka.

Sai ka rubuta wa daraktan kira, wato Fadan da ke kula da masu neman shiga, na ƙungiyar mishan da kake so. Akwai SMA (Ƙungiyar Mishan ta Afirka), da aka kafa a Liyon ta Faransa a 1856, akwai kuma MSP (Ƙungiyar Mishan ta Waliyyi Bulus) ta nan gida Najeriya, mai seminari, wato makarantar horon Fada, a Gwagwalada. Za su nemi takardar baftisma da ta sakramentin tabbatarwa (confirmation), sakamakon sakandare, wasiƙar Fadan cocinku da gwajin lafiya.

Inda na ga samari suna tuntuɓe shi ne ɓoye bashi, ko alkawarin aure, ko shiga don guje wa talauci. Horon Fada kan kai shekara 8 ko fiye, mai ƙarya ba ya kai labari. Sannan mishan ai tura ka ake yi, wataƙila inda ba ka jin yarensu.

In kai ke riƙe da iyayenka, ka gaya wa daraktan tun ganawar farko.