Madigadin kabon bai zauna ba: in yanka in huda a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Aboabo nake rubutowa, a nan Kumasi. Ƙanena da ke Jamus ya aiko mini da madigadin gaba na kabon faiba in sa wa babur ɗina. Ramukan noti biyu ba su yi daidai da na babur ɗin ba, kuma bakinsa na baya ya yi tsawo. Ina da giranda da injin huda a gida. Zan iya rage shi in buɗe sababbin ramuka da kaina, ko dole sai na kai Magazin, unguwar makanikai da ke Suame?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, amma ajiye girandar nan tukuna.

Fara juya madigadin ka duba cikinsa. Wani abin da ake kira kabon a kasuwa roba ce aka buga wa zanen saƙa, wani kuma faiba gilas ne aka shimfiɗa wa kabon falle ɗaya don ado. Na gaske za ka ga saƙar har ciki, ba shi da nauyi, in ka ƙwanƙwasa da farce yana amsawa kamar tangaran. Idan kana da mitar masu gyaran rediyo, ɗora bakinta biyu a cikin tsohon rami inda zaren ya bayyana: wutar lantarki tana bi ta jikin kabon, ba ta bi ta roba da gilas. In roba ce, zarto da wuƙa sun ishe ka.

In kuwa na gaske ne, ka riƙe wannan: abin da ke hannunka zare ne da gam. Zaren siriri ne ƙwarai, gashin kai ya ninka shi kauri kusan sau 10. Ana saƙa shi kamar yadi, a jera falle bisa falle, a jiƙa da gam ɗin efoksi ya daskare. Ƙarfe in ka matsa masa lanƙwasa yake yi, ka buga ya dawo. Wannan ba ya lanƙwasa, fallayen ne ke rabuwa, kuma ba sa komawa. Duk ɓarnar da na gani a Suame daga nan take, gwanin ƙarfe ne ya yi masa aikin ƙarfe.

Ni ma na yi ta. Murfin gefe na farko da aka kawo mini, na ɗora masa bakin huda na milimita 8, na danna da kafaɗa kamar ina huda faranti. Ta sama ramin tsaf. Da na juya, bayan ya tsage kamar an ɓare rogo, zare tsaye cirko-cirko. Mai kayan bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, kuma da kuɗina na saya masa wani.

Madigadi, murfin gefe da murfin sarƙa ba sa ɗaukar nauyin mutum, shi ya sa na ce ka iya. Amma wili, hannun babur, ko wani sashe na firam da aka yi da kabon, kada ka huda, kada ka bari a huda maka. Rami ɗaya ya katse zaren da ke riƙe da nauyi, kuma kabon ba ya gargaɗi kafin ya karye.

To, yanka. Manna tef na takarda a kan layin, ciki da waje, ka ja layinka a kan tef ɗin. Shi zai riƙe zaren saman kada ya tashi. Zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, irin mai 32 a inci, ya wadatar, don madigadi galibi bai wuce milimita 2 ba. In ka samu ruwan zarto mai tsakin kabaid, wanda ake yanka tayil da shi, ya fi. Ka yanka nesa da layi da kamar milimita 2, a hankali, kana ɗiga ruwa, sannan ka cinye ragowar da samfefa da aka naɗe a jikin katako: mai lamba 120, sai 240, sai 400 a jiƙe. Gogar ta bi tsawon bakin, kada ka ja ta daga ciki zuwa waje, don tana ɗaga fallen sama. Giranda da faifan tayil tana yanka, ban musa ba. Sai dai tana ɗumama gam ɗin har ya yi laushi ya ƙone, bakin ya yi ruwan ƙasa, ga ƙura ta cika gida.

Ƙurar nan ita ce abin tsoro na gaske. Tana shiga fata ta yi ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero, tana sauka a huhu, kuma tunda wutar lantarki tana bi ta jikinta, in injin huda ya zuƙe ta ta ramukan iskarsa tana iya haɗa masa wuta. Ka yi aikin a waje, nesa da murhu, da shanya, da wurin wasan yara. Na san gidajenmu na Zango, tsakar gida ɗaya ce ta kowa, don haka zaɓi lokacin da aka watse. Takunkumin yadi ba ya tare ta, nemi mai lamba FFP3 ko P100, da tabarau da riga mai dogon hannu. Kada ka hura da baki ko kwamfiresa, kada ka share da tsintsiya. Tsumma mai laima za ka sa ka goge, ka ƙulle a leda. Ɗiga ruwan da na ambata kuwa na aikin zarton hannu ne, kada ka haɗa shi da injin da ke jone da wuta.

Huda ta fi yanka wuya. Ɗora tsohon madigadin a kan sabon, ko ka yanki kwali ka kwafi ramukan, ka gwada a jikin babur kafin ka taɓa komai. Tsakiyar rami ta yi nisa da baki aƙalla ninki 3 na faɗinsa: ramin milimita 6 yana son milimita 18. Idan sabon ramin zai faɗo dab da tsohon, kada ka haɗe su su zama tsaga. Gara ka lanƙwasa ɗan ƙarfe ya zama mahaɗi tsakanin madigadin da babur. Kada ka buga ƙusa don yin alama kamar yadda ake yi wa ƙarfe, bugun kaɗai yana raba fallaye.

Manna tef, ka matse guntun katako a bayan wurin, matsewa sosai ba ɗorawa ba. Rashin wannan katakon ne ya cinye mini kuɗi. Fara da baki na milimita 3, sannan 6. Bakin ya zama sabo fil, na kabaid in da hali, don kabon yana dakushe bakin ƙarfe cikin ramuka kaɗan, dakusasshe kuma tura zare yake yi maimakon yanka. Injin ya yi gudu, hannunka ya yi sauƙi, musamman lokacin da bakin ya kusa fita. Bar shi ya shiga katakon kafin ka zare. A kashe maɓallin bugu na huda bango.

Bayan nan shafa efoksi kaɗan, Araldite ma ya yi, a bakin yankan da cikin ramin, don ruwa kada ya bi zaren ya shiga. Da damunar Kumasi wannan ba ƙawa ba ce. Haka kuma kabon in ya haɗu da alminiyam ga laima, alminiyam ɗin yake ci, ya yi farin gari. Sa noti na sitenles, da washa mai faɗi ta roba ko nailan sama da ƙasa. Ɗaure har washar ta kama, ka tsaya. In ka ji ƙas, ka riga ka wuce. Sai ka kama birkin gaba ka danna babur ɗin ƙasa sau da yawa, ka juya kai dama da hagu, ka tabbata madigadin bai taɓa taya ko injin ba. Bayan mako guda ka kwance noti ɗaya ka leƙa gefen ramin da fitilar waya. In ka ga wani farin zobe ko tsaga ta fara tafiya, cire shi ka kawo Magazin a yi masa faci ta ciki.