Shin Binciken Narka Ƙarfe Yana da Makoma?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shekarar ƙarshe a sashen injiniyancin ƙarafa, kuma burina shi ne in ci gaba har digiri na uku, in zama malamar jami'a mai bincike a kan sarrafa ƙarfe. Sai dai abokan karatuna suna cewa fannin ya tsufa, wai tun da duniya ta tashi haiƙan wajen rage hayaƙin masana'antu, kwanan tanderun narka ƙarfe ya ƙare. In dage, ko in sauya fanni tun da sauran lokaci?
Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki dage, domin hujjar da abokanki suka kawo ita ce babban dalilin da ya sa ake neman irinki a yau.

A shekarar 2023 duniya ta samar da ƙarfe kusan tan biliyan 1.9, fiye da rabinsa a ƙasar Sin, kuma wannan masana'anta ita kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a sararin sama. Babu mai shirin daina gina gadoji da layin dogo, hatta injinan samar da lantarki daga iska da ƙarfe ake ƙera su. Abin da ake so a sauya shi ne hanyar samar da ƙarfen, kuma wannan aikin masana ƙarafa ne.

Tushen matsalar yana cikin sinadaran tama kanta. Tama ƙarfe ce da ta haɗu da oksijin, tamkar tsatsa, kuma dole a raba su kafin a sami ƙarfe. A dogon tanderu, wanda ta hanyarsa ake samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfen duniya, gasasshen kwal ne ke wannan aiki: yana ba da zafi, yana riƙe nauyin kayan da aka zuba domin iska ta ratsa, sannan kabon ɗinsa ya fizge oksijin daga tama ya fita a matsayin hayaƙi. Saboda haka ko da hasken rana ne ke ba masana'antar wutarta duka, tanderun zai ci gaba da fitar da hayaƙin, har sama da tan 2 a kan kowane tan na ƙarfe. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa rage hayaƙin ƙarfe ya fi na sassa da yawa wuya.

Hanyar da ta fi jan hankalin masu bincike ita ce a maye gurbin kabon da haidurojin, wanda idan ya ɗauke oksijin tururin ruwa kawai yake fitarwa. A ƙasar Suwidin kamfanonin SSAB da LKAB da Vattenfall sun haɗa kai a shirin HYBRIT, suka buɗe masana'antar gwaji a garin Lulea a 2020, kuma a 2021 aka miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko da aka samar ta wannan hanya. Wannan nasara ce ta gaske, amma ta bar tambayoyi masu yawa, kuma a cikinsu abincinki yake. Haidurojin yana shanye zafi a lokacin da yake aiki a kan tama, saɓanin iskar da kabon ɗin kwal ke samarwa a tanderu, wadda ke ƙara zafi, don haka sai an sake tunanin yadda za a ɗumama tanderun. Hanyar tana son tama mai kyau ƙwarai, mai ƙarfe kimanin kashi 67 cikin ɗari, alhali mafi yawan tamar da ake haƙowa ba ta kai haka ba. Sannan ƙarfen da ba shi da kabon ya fi wuyar narkewa, domin tsantsar ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Celsius yake narkewa, mai kabon da yawa kuwa tun wajen digiri 1,150.

Narka tsofaffin ƙarafa a tanderun lantarki ya fi dogon tanderu tsafta nesa ba kusa ba, sai dai jan ƙarfen wayoyin da ke cikin tsohuwar mota yana narkewa tare da su, ba ya fita cikin sauƙi, kuma yana sa ƙarfe ya tsattsage wajen mulmulawa. A ganina, wanda ya samo hanya mai araha ta cire shi ya yi wa duniya babban aiki. Akwai kuma masu gwada raba tama da wutar lantarki kai tsaye, ciki har da wani bincike da ya faro a jami'ar MIT ta Amurka.

Game da shiri, ki ƙanƙame tsohon ilimin da abokanki ke raina wa: ilimin zafi da makamashi, saurin haɗuwar sinadarai, da halayyar kashin maƙera, wato dattin da ke tasowa a saman narkakken ƙarfe yana kwashe sinadarai marasa amfani irin su fosfaras. Jadawalin Ellingham na 1944 har yau da shi ake gane abin da zai iya ƙwace oksijin daga wani abu, kuma a wane zafi. Ki haɗa da manhajojin lissafi irin su FactSage da Thermo-Calc, ki kuma koyi rubuta manhaja da kanki. Cibiyoyin da suka yi fice sun haɗa da jami'ar Aachen a Jamus, Leoben a Austiriya, KTH a Suwidin da Carnegie Mellon a Amurka, amma malamin da zai kula da bincikenki ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ki karanta maƙalunsa na baya-bayan nan, ki duba ko yana aiki da wata masana'anta, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa yadda ya riƙe su.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Digiri na uku yakan ci shekara 3 zuwa 5, bayansa sau da yawa sai an yi aikin bincike na kwantiragi kafin a sami kujerar dindindin, kuma malamin jami'a yana ɓatar da lokaci mai yawa wajen neman tallafin bincike da koyarwa. Gwajin kansa yana gwada haƙuri: za ki shafe kwanaki kina auna garin tama a ɗan kasko da bai wuce kofi ba, ki jira tanderu ya hau, sannan ki buɗe ki tarar kaskon ya fashe, kashin maƙera ya cinye gindinsa.

Shi ya sa nake roƙonki da ki nemi zama a masana'anta ko da na wata 6 ne. Ranar da kika tsaya sanye da hular kwano kika ga an tuntsurar da tukunya mai ɗauke da narkakken ƙarfe tan 200, zafin yana dukan fuskarki daga nesa, za ki gane tazarar da ke tsakanin sakamakon ɗakin gwaji da abin da ma'aikata za su yarda su aiwatar. Dogon tanderu yakan yi shekara 15 zuwa 20 kafin a sabunta bulon cikinsa, kuma a duk lokacin da wa'adin ya cika, masu shi sai sun zaɓa tsakanin gyara shi da sauya hanya gaba ɗaya. Da yawa daga cikin tanderun duniya za su kai wannan gaɓa a daidai shekarun da za ki fara fitar da sakamakon bincikenki.