Amsa: Wace ƙaramar bindiga zan saya don kurege da zomo a gona?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a karkarar Amurka, kurege da zomaye sun addabi lambunka, kana neman bindiga mai araha. Ka sayi mai cin ɗan ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR, irin wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, kamar Savage Mark II. Idan ka fi son mai ɗana kanta, akwai Ruger 10/22, tun 1964 ake ƙera ta, kayan gyaranta kuwa ko'ina akwai. Harsashin .22 LR da su biyun ke ci shi ne mafi arha a kasuwa, ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa ma da sauƙi. Rarar kuɗin ka zuba ta a madubin saiti mai kyau, don kan kurege ɗan mitsitsi ne.

Sharaɗin shi ne nisa. Ni dai abin da na gani, daga mita 50 zuwa 70 bindigar .22 tana aiki tsaf, amma da an doshi mita 100 sai harsashin ya fara sunkuyawa, ka raunata dabba ta shige rami tana wahala, wannan kuwa bai dace ba. In filinka shimfiɗaɗɗe ne, gara bindiga mai cin harsashin .17 HMR, tana kai mita 130 a miƙe, sai dai harsashinta ya fi tsada nesa ba kusa ba. Don Allah ka riƙa duba abin da ke bayan dabbar kafin ka ja kunama, domin harsashin .22 na tsalle daga kan dutse ko ruwa, yana kuma iya wuce kilomita ɗaya. Ka tambayi hukumar kula da namun daji ta jiharku batun lasisi tukuna.