Filatilet 90,000 da gwajin denge da bai nuna komai ba

Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya. Kin ce kwana uku yana zazzaɓi, ba a ga maleriya ba, gwajin denge, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, shi ma bai nuna ba, amma filatilet, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, sun sauka zuwa 90,000, kina tunanin ko a ƙara masa jini.

Ki fara tambayar wane gwaji aka yi masa. Lokacin da nake karatu a Indiya na kwanta da wannan ciwo da damina, ciwon kai a bayan idanu, gaɓoɓi kamar an kakkarya ni. A rana ta biyu aka yi mini gwajin IgM, ya fito babu komai, don shi garkuwar jiki yake nema, ita kuma sai wajen rana ta biyar take bayyana. Da wani likita ya sa aka yi NS1, wanda ke kama sinadarin ƙwayar cutar tun kwanakin farko, nan take ya nuna. Idan IgM kaɗai aka yi wa yaronki a rana ta uku, ba a wanke shi ba tukuna. Kuma cutar tana nan gida Najeriya, an tabbatar da ɓullarta a Sakkwato a ƙarshen 2023.

Mai lafiya yana da filatilet 150,000 zuwa 450,000. Nawa sun gangara har 40,000, hankalina ya tashi ƙwarai, amma ba a ƙara mini ko leda ɗaya ba, da kansu suka hau. Abin da likitan ya fi dubawa kullum da safe shi ne PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini. In yana hawa filatilet na sauka, ruwa ne ke tsiyaya daga jijiyoyi, jini na yin kauri. Haɗarin ke nan.

Don Allah kada ki saki jiki ranar da zazzaɓin ya sauka, kwana ɗaya zuwa biyu da ke biye su ne masu wuya. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko haɓo, tafin hannu ya yi sanyi, ƙarancin fitsari, ko ɗaya kika gani ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Farasitamol kawai za ki ba shi, ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac, suna jawo zubar jini. Ya yawaita shan ruwa da ruwan gishiri da sukari, a kuma maimaita gwajin jinin gobe.