Kan ruwan allurar sikana da tambayarka ta kifi

Yaro, ka ce ko wanda kifi ke sa wa borin jini za a yi masa allurar ruwan aidin, mai sa hoto ya fito sarai, kafin sikana, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Za a yi masa. Wannan magana ta kifi tsohon camfi ne, ku kuke ta kwasowa a waya. Mutumin da nake tsoro shi ne wanda ruwan ya taɓa bugewa, sai mai asma.

Shekarun baya a nan Garwa aka kawo mini wani dillalin shanu daga Mokolo, ƙanensa na riƙe da takardu. Na tambaye shi sau biyu, “Alhaji, an taɓa yi maka wannan allura?” Ya ce sam. Ashe an yi masa a Yawunde, jikinsa ya fashe da ƙuraje, ya ɓoye don kada a ɗaga masa rana bayan ya biya kuɗin mota. Ruwa bai yi minti biyar a jikinsa ba ya fara tari, leɓe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita kamar usur. Na nufi akwatin magungunan gaggawa, a kulle, mai makullin ya fita. Da ƙarfe na ɓalle shi. Na yi masa allurar adirenalin, maganin gaggawa na irin wannan bori, rabin miligiram a tsokar cinya, iskar oksijin, ƙarin ruwa a jijiya, Allah Ya sa da sauran kwana.

Ka san sakayyata? Ƙanen ya kai ƙara wai na zuba wa yayansa guba. Aka dakatar da ni wata uku ba albashi, har kuɗin akwatin aka cire mini. A shekarar na sayar da babur ɗina. Wanda ya tafi da makullin kuwa ko tambayarsa ba a yi ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ba zan tsaya koya maka sa kanula, 'yar robar da ake sa wa a jijiya, ko duba takardar gwajin ƙoda ba, wanda bai iya wannan ba ya koma gida. Ɗumin jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki ba komai ba ne, ku ’yan yanzu nan kuke rikicewa, amma mutum na shaƙewa kuna latsa waya. Bayan allura ka bar kanular a hannun mara lafiya, ya zauna gabanka minti 30. Kuma kowace safiya ka buɗe akwatin nan da hannunka, ka karanta ranar lalacewar adirenalin, makullin ya zauna a aljihunka.