Kafin ki ba su sifili, Malama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa malamai, barkanmu da dare. Malama, na saurari saƙonki tun bayan La'asar, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce kin ba ɗalibai 180 jinga a Moodle, shafin intanet da ɗalibai ke tura ayyukansu malamai su duba, wa'adi ya cika kin ga ayyukan mutum 140 da 'yan kai, sauran kuma kowa na rantsuwa ya tura, wasu ma sun cika miki waya da hotunan takardu ta WhatsApp. Kina tambaya ko ki ba su sifili ko ki karɓa. To ki yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Don Allah kada ki ba kowa sifili a daren nan. Ki fara buɗe jingar, ki shiga wurin da ake ganin jerin sunayen ajin gaba ɗaya, ki bi layin da ke nuna halin da aikin kowa yake ciki. Iri uku za ki gani. Akwai wanda bai ɗora komai ba, akwai wanda ya miƙa, akwai kuma wanda aka rubuta Draft a gaban sunansa. Wannan na ukun shi ne ke haɗa mu rigima da yara. Idan lokacin da kike shirya jingar kin zaɓi cewa sai ɗalibi ya danna Submit, wato maɓallin miƙawa, to ɗora fayil kaɗai bai wadatar ba. Yaro zai ɗora, ya ga takardarsa a kan allo, ya rufe waya ya kwanta da zuciya ɗaya. A wurinsa ya gama, a wurin na'ura kuwa bai miƙa ba. Kin ga in ya rantse ya tura, ba ƙarya ya yi ba.

Ni wannan ya taɓa faruwa da ni, a 2020 lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu muka koma intanet ba shiri. Wata ɗaliba na ba ta sifili, ta zo daga baya tana hawaye, na ce mata na'ura ba ta ƙarya. Sai bayan mako biyu wani abokin aiki ya nuna mini aikinta na nan, ta ɗora shi kwana biyu kafin wa'adi. Har yau in na tuna maganar da na faɗa mata sai na ji nauyi a ƙirjina. Na gyara makin, na kira ta na ba ta haƙuri, amma makonni biyun nan da ta yi tana ganin an zalunce ta ba zan iya dawo mata da su ba.

Saboda haka waɗanda kika samu a wannan hali, ki buɗe aikinsu ki duba, ana nuna ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe, har da minti. In kafin wa'adi ne, ki ba su makinsu cif. Waɗanda ba a ga komai ba kuwa, Moodle na ajiye tarihin shige da ficen kowa. Ki shiga ɓangaren rahotanni, ki zaɓi sunan ɗalibin da ranar, za ki ga ko ya buɗe jingar, da ƙarfe nawa, ko ya yi yunƙurin ɗora wani abu. Yaron da ya shiga sau shida tsakanin goma da sha biyun dare ba ɗaya yake da wanda rabonsa da shafin tun farkon zango ba. Na farkon ki ƙara masa wa'adi shi kaɗai, akwai wurin yin haka a gefen sunansa, ba sai kin buɗe wa aji duka ba. Na biyun ki kira shi ku yi magana ido da ido.

Maganar WhatsApp kuwa, ni ba na karɓa, kuma ina ba ki shawarar kada ki karɓa. Ki amsa musu da cewa kin gani, kin buɗe musu ƙofa zuwa jibi, su je su ɗora a inda kowa ya ɗora. Dalilina shi ne, ranar da ɗalibi zai kai ƙara wajen shugaban sashe ko jami'in jarrabawa cewa an cinye masa maki, me za ki nuna? Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, hotuna na gogewa. Sannan wanda yake da lambarki ya samu hanyar da ɗan'uwansa mai kunya bai samu ba. Maki goma ba abin wasa ba ne a wurinsu. A tsarin da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 ne A, 60 B, 50 C, ƙasa da 40 kuma faɗuwa ce. Mai 38 da mai 41, tsakaninsu maimaita kwas ne, wani lokaci har da ƙarin shekara da kuɗin rajista a kan iyayen da da ƙyar suke haɗa na bana.

Yanzu bari in zo kan jinga ta gaba, don yawancin wannan wahala tun a ranar shirya jingar ake kashe ta.

Moodle na da ranaku biyu da mutane ke haɗawa. Akwai ranar wa'adi, wadda in ta wuce ɗalibi zai iya turawa amma za a yi masa alamar ya makara. Akwai kuma ranar rufe ƙofa, Cut-off date, wadda in ta wuce babu sauran turawa. Ni ina barin kwana biyu tsakaninsu. Ina gaya wa aji tun farko, wanda ya shigo cikin kwana biyun nan zan cire masa maki ɗaya, sai in yana da uzuri. Kuma ki lura da agogo sosai. In kika bar shi a 00:00 na ranar Juma'a, to daren Alhamis ne wa'adin ya cika, yara kuwa suna zaton suna da yinin Juma'a gaba ɗaya. Ina kyautata zaton wasu daga cikin arba'in ɗinki nan suka faɗa. Ni na daina sa tsakar dare ma baki ɗaya, ƙarfe huɗun yamma nake sawa a ranar aiki. Da dare wuta ta ɗauke, caji ya ƙare, sabis ya yi rauni, yarinyar da ke gidan iyayenta ko gidan miji ba ta da halin fita neman inda netwok yake. Da rana kuwa ko shagon kwamfuta za ta iya zuwa, in shafin ne ya tsaya kuma masu kula da shi suna ofis.

Sai girman fayil. Yawancin yaranmu da biro suke rubutawa su ɗauki hoto. Hoto ɗaya na wayar zamani kan kai megabayit uku ko huɗu, shafi goma kin ga an doshi arba'in, alhali iyakar da aka sa wataƙila biyar ce ko goma. Zai yi ta juyawa, data na ƙonewa, a ƙarshe ya ƙi shiga. Ki ware minti goma a aji ki nuna musu yadda ake haɗa shafuka su zama fayil guda na PDF, da manhajar CamScanner ko ta Google Drive, sannan ki saita jingar ta karɓi PDF kaɗai, fayil ɗaya. Ki kuma buɗe musu jingar gwaji mara maki a makon farko, kowa ya ɗora ko da shafi ɗaya ne. Wanda zai rikice ya rikice a nan.

Af, na kusa mantawa da duba aikin, don kin ce datarki ma ba ta kai ki. Ba dole ba ne ki zauna a kan intanet kina buɗe 180 ɗaya bayan ɗaya. Ana sauke su duka a dunƙule lokaci guda, ki yi haka a makaranta inda akwai sabis mai ƙarfi. In kin kunna takardar makin da ake cikewa ba tare da intanet ba a saitin jingar, za ki sauke jadawali ki buɗe shi a Excel, ki cike maki da sharhi a gida, ki dawo ki ɗora. Kada dai ki taɓa layin da ke ɗauke da lambar shaidar kowane ɗalibi, da ita na'ura ke gane makin wane ne.

Kuma ki riƙe makin kada ya fita sai kin gama da kowa. Akwai saitin da ke ba ki damar sakinsu lokaci guda. In suna fita ɗai-ɗai, wayarki ba za ta huta ba, ke kuma in kin kai mutum na sittin kika gane kin tsananta wa na farko, gyara zai yi wuya tunda ya riga ya gani. Ki raba makin tun kafin su fara rubutu su san a kan me za a auna su. Nawa na goma haka yake: huɗu na fahimtar tambaya, uku na hujja da misali, biyu na tsari, ɗaya na manazarta. Ko layi ɗaya ne ki rubuta wa kowa. Ɗalibin da ya ga 4 tsurarta zai ɗauka ba ki son shi ne. Wanda ya ga 4 tare da "ka amsa rabin tambayar, ba ka kawo misali ba" ya san inda zai gyara.

Kwafe kuwa, da na juna da na ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsa, ba na dogara da wata manhaja ta kama mini, balle rubutun hannu da aka ɗauka a hoto. Ina kiran mutum biyar ko shida ba tare da sanarwa ba, kowa ya yi mini bayanin abin da ya rubuta na minti biyu. Wanda ya yi da kansa ba ya ɓoyuwa.

Masu amfani da Google Classroom, wani shafi irin Moodle, a zauren nan, ku ma ku kula, makin da kuka rubuta ɗalibi ba ya ganinsa sai kun mayar masa da aikin.

Malama, gobe in Allah ya kai mu ina ofis daga ƙarfe goma zuwa Azahar. Ki zo da kwamfutarki da sunayen arba'in ɗin nan, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan ki sa wakilin aji ya sanar da su cewa ba a yanke hukunci a kan kowa ba tukuna, su kwantar da hankalinsu. Sai da safe.